Kwanon Lallen Gwaggo

Ranar layya na ƙone. Muna suyar nama a tsakar gidanmu a Boɗinga, kaskon yana kan murhu, ashe ruwan da aka yi kwana biyu kafin sallar ya sassauta ƙasar da ke ƙarƙashin ɗaya daga cikin duwatsun. Na sunkuya zan juya naman, dutsen ya goce, kaskon ya karkato kaina. Man ya kwararo mini a bayan hannun dama har kusa da gwiwar hannu, wani ya fantsamo mini a wuya, daidai ƙarƙashin haɓa. Ban yi ihu nan take ba. Tsayawa na yi ina kallon fatar tana tattarewa kamar ledar da aka kai kusa da garwashi, sai da maƙwabciyata ta saki salati sannan zafin ya iso ni.

Wata biyu ina zuwa asibiti wankin ciwo. Wata malamar asibiti ce ke yi mini, aiki ne ya kawo ta garinmu daga gabashin jiha, mace mai ƙarancin magana da sanyin hannu. Ciwon ya warke lafiya lau. Sabuwar fatar ta fito ja, na ce ai da sannu za ta koma. Jan ya tafi, abin da ya biyo bayansa fari ne sol, kamar rogon da aka ɓare. Ni kuwa baƙa ce, irin baƙin gidanmu da ba a musu a kansa, don haka tun daga ƙofar gida ana hango tabon.

Ɗinki nake yi. Kekena yana ɗakin da ke kusa da zaure, mata suna kawo mini atamfa da leshi daga cikin gari, har daga Sifawa. Aikin tela kuwa na taɓa jiki ne. Za ki auna kafaɗa, ki zagaya tef a ƙugu, wani lokaci ki ɗaga haɓar mace don ki ga yadda wuyan riga zai zauna. Da na koma kan keke kowa ta yi mini jaje, ta ce Allah ya kiyaye gaba. Cikinsu har da waɗanda suka zo duba ni lokacin da hannun ke naɗe.

Da wata mai jego abin ya soma. Ni na ɗinka mata kayan fitar suna, bayan arba'in ta zo da jaririyar a rage mata wata riga. Na miƙa hannu zan karɓi yarinyar kamar yadda kowa ke yi. Ta dubi hannun, ta ɗan juya kafaɗarta, ta ce, "Kwana takai, bar ta." Idon yarinyar biyu, tana ma kallona.

Daga nan na fara lura. Wata ta zo da tsohuwar rigarta ta ce in auna da ita, ba sai na gwada jikinta ba. Wata na ba ta ruwa ta ce azumin nafila take yi, ga jan goro a leɓenta. Maƙwabciyata ce ta gaya mini abin da ake faɗa, ita ma sai da na matsa mata. Wai ƙunar fakewa ce, wai ciwon nan ne ya fito mini. Ba ta kira sunansa ba. A wajenmu ba a cika kiran sunan kuturta a cikin gida ba.

Na ce, "Ke ai kin ga sa'ad da man yaz zubo min."

Ta ce, "Na gani da idona, kuma na hwaɗa musu. Sun ce wuta ba ta barin hwari haka."

Maigidana albasa yake saye a ƙauyuka yana lodi zuwa kudu. Ya ce in rabu da su, za su gaji su daina. Shi dai bai taɓa nuna mini ƙyama ba, wannan zan faɗa a gaban kowa. Amma ba shi ne ke zama a ɗaki daga hantsi har la'asar da keke a rufe ba.

Na shiga neman abin da zai dawo da launin. Man kaɗanya safe da yamma, sannan zuma. Wata ta ce ruwan albasa, abin da ya fi komai yawa a gidanmu, na yi ta gogawa har maigida ya ce ko a ɗaki bai huta da warin sana'arsa ba. Tabon ya yi laushi, farin kuwa yana nan inda yake. Ran kasuwa na ji wani mutum da lasifika yana tallan man shafawa, yana lissafa ƙyasbi da makero da tabon ƙuna. Kwalbar ba rubutu a jikinta, man ruwan ƙwai ne, yana wari irin na maganin wanke bayan gida. Na saya, hannuna a ɓoye cikin hijabi. Kwana huɗu ina shafawa yana yi mini raɗaɗi, ina cewa aiki yake yi. Ran na biyar fatar ta saɓule, har da lafiyayyar da ke gefen tabon. Da wurin ya bushe, farin ya ƙara faɗin yatsa biyu ta kowane gefe. Mako na zagayowa na koma kasuwar, mai sayar da takalman roba na tarar a wurin da mutumin ya tsaya.

Masu magana suka sami hujja, abin yana yaɗuwa. Ni kaina na fara shakka. Ina idar da sallar asuba nake ɗauko tef ɗin ɗinkina in auna iyakar farin, in riƙe lambar a kaina har gobe.

Gwaggona, ƙanwar mahaifina, a Shagari take zaune. Ita ta yaye ni, kuma tun rasuwar mahaifiyata ita nake nema idan abu ya dame ni. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta maza biyu suna nema a birni, ita kaɗai ce a sashenta. Lalle ne sana'arta, kuma duk mai son ƙunshin da zai kama ya daɗe bai goge ba wajenta take zuwa. Na kira ta a waya, ina fara magana kuka ya ƙwace mini. Ta saurare ni har na gama.

Ta ce, "Hwari ɗai na? Taho gobe. Kak ki sake sa mai komi."

Yadda ta faɗi maganar ya tsaya mini a rai, kamar telar da aka kawo wa ɗinkin da ta yi sau ɗari.

Ƙarshen damina ne, gero ya yi kai ya fi tsawon mutum, motar tana tafiya tsakanin gonaki ba a hangen komai dama da hagu. Direba ya taka birki, na kai hannu na dafa kujerar gaba, hijabin ya zame. Matar da ke gefena ta ga hannun. Ta tattare zanenta. Da aka tsaya a Dandin Mahe sauke mutane, ta koma kujerar baya.

Na tarar da Gwaggo yadda na san ta. Hannuwanta baƙi ƙirin da lalle har wuyan hannu, ƙafafu haka, gira ta sha tozali, ga doguwar riga mai dogon hannu a ƙarƙashin zane duk da zafin da ake yi. Na daɗe rabon da in ga damtsenta, amma ban taɓa kawo komai a raina ba, na ɗauka kunya ce ta manya. Ta fito da ni rana, ta jera hannuwana biyu a kan cinyarta, ta daɗe tana kallon mai lafiyar fiye da mai tabon.

Ta daka lallenta da kanta. Ta zuba ruwan bagaruwar da ta kwana a jiƙe, ta sa ɗan ganyen baba, ta fasa 'ya'yan gauɗe ta matse ruwansu a ciki. Sai ta ɗauko sakaina wadda cikinta fari ne tana ɗiga haɗin a kai, ta bari ya sha iska, ta goge, ta kara da fatata, ta girgiza kai, ta ƙara wani abu. Sau huɗu ta yi haka. Da launin ya yi mata, ta ɗauki gashin kaza ta fara shafawa, tana bin iyakar tabon ba ta ƙetare ko kaɗan.

Na ce, "Gwaggo, ina kinka koyi wanga?"

"Wa za ya koya min? Gwadawa niy yi ta yi."

"Ga jikin wa?"

Ta ce in daina motsi, ina ɓata mata aiki.

Shafawar farko ja ta bayar. Ta uku ta koma ruwan ƙasa. A ta biyar, da aka wanke na fita rana, sai da na matso da hannun kusa da idona kafin na gane inda tabon ya fara. Na zauna a kan turmi ina juya hannun ina dariya ina hawaye. Ran kasuwar Shagari na fita da ƙaramin gyale, na taya yadi, na miƙa hannu na taɓa, mai yadin bai ko dubi hannun ba.

Mako uku na yi a gidan, kuma a cikinsu ne na fara ganin abubuwan da ban so gani ba. Na farko kwanon haɗin. Tabona duka, hannu da wuya, cokali uku ya ishe shi, amma Gwaggo kwano take cikawa. Bayan azahar sai ta ce in je in gaida 'yan'uwa, ko in shiga ɗaya ɗakin in kwanta, ita kuma ta turo ƙofarta. Kafin la'asar zan ga kwanon a wanke, a kife kan randa. Sannan takalmi. Muna dawowa daga gidan gaisuwa silifas ɗinta na hagu ya fita, ta yi taku biyar ko shida a kan tsakuwa da ƙafa ɗaya ba takalmi, sai da na yi mata magana ta waiwaya.

Ranar da ta fi tsaya mini ita ce ta tuwo. Tana zaune gaban murhu tana ba ni labarin wata amarya da lalle ya ƙi kama ta, ta jingina hannunta na hagu da gefen tukunya. Ina sauraronta sai na ji ƙauri. Ni kuwa na san wannan ƙaurin, ba nama ba ne, ba itace ba ne.

"Gwaggo, hannunki!"

Ta sunkuyar da kai ta duba, sannan ta ɗauke hannun a hankali, yadda ake ɗauke ludayi. Gefen ƙaramin yatsan ya tashi.

Ta ce, "Tsuhwa ta. Hannu ya saba da wuta." Ta dangwali lalle ta rufe wurin, ta ci gaba da labarinta daga inda ta tsaya.

Na koma Boɗinga. Labari ya zaga cewa na warke, mata suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya, har wadda ta ƙi ruwana ta zo ta sha fura. Sai dai launin kwana goma yake yi ya fara kwailewa, dole in riƙa komawa Shagari ana sabuntawa. Kuma shakkar nan ba ta bar ni ba. Da wuyan ya fara yi mini ƙaiƙayi, na shirya na tafi wajen malamar asibiti.

Ta goge wani sashe na hannun da auduga, ta tambaye ni abin da aka sa. Na gaya mata duka, har da man kasuwa. A kan man ta yi mini faɗa sosai, ta ce shi ya ci fatar gefen. Lallen kuwa ta ce tunda ba a sa masa sinadarin nan na kanti ba, kuma fatar ba ta buɗe ba, ba laifi, sai dai in huta da shi a wuya. Ta ce ƙuna in ta yi zurfi takan tafi da abin da ke ba fata launi. Wani lokaci yana dawowa a hankali, daga gefe ko ɗigo-ɗigo a gindin gashi, wani lokaci ba ya dawowa duka. In riƙa murza wurin da man kaɗanya, in kare shi daga rana, in yi haƙuri da shekara ɗaya ko biyu.

Na ce, "Malama, don Allah ki hwaɗa min gaskiya. Ba ciwon nan ba ne?"

Ba ta yi dariya ba. Ta tsinko auduga ta murza ta ta yi siriri, ta ce in rufe ido, duk inda na ji an taɓa in nuna da yatsa. Ta taɓa tsakiyar tabon, na nuna. Ta taɓa gefe, na nuna. Ta taɓa wuya, na zabura don cakulkuli.

Ta ce, "Buɗe idonki. Naki tabon wuta ne. Farin da muke tsoro ba shi da ji. Ki taɓa shi da auduga mai shi bai sani ba, ba ya zufa, gashi ba ya tsayawa a kai. In ya daɗe sai hannu da ƙafa su mutu, mutum ya ƙone ko ya taka ƙaya bai ji ba. Har gira takan zube. Yana da magani, kyauta ma ake ba da shi, amma mutane ɓoyewa suke yi sai ya gama ɓarna."

Ya kamata in yi murna. Na zauna a kan bencin ina jin ƙaurin nan a hancina. Ta tambaye ni ko lafiya, na ce lafiya lau. Da zan tafi na roƙe ta ɗan guntun auduga, ta dube ni, ta ba ni ba ta tambayi dalili ba.

Kwana uku audugar tana ƙulle a bakin zanena. Ran na huɗu na shiga mota ba tare da na kira Gwaggo ba, na isa Shagari ana fitowa daga sallar azahar. Gidan shiru, mutane suna gona ana yankan gero. Ƙofarta a ture take, ba a sa sakata ba. Na yi sallama ina tura ƙofar.

Tana zaune a kan tabarma ta ba ƙofa baya, rigar a cire, kwanon a gabanta. Ta ɗaure gashin kaza a bakin wani siririn kara tana miƙa shi ta saman kafaɗa. Bayanta kamar zanen da aka yi wa faci da ƙyallaye daban-daban. Inda hannunta ke kaiwa launin ya hau daidai. Inda karan ke kaiwa da ƙyar ya yi dabbare-dabbare. A tsakiyar bayan kuwa, inda ba abin da ke kaiwa, akwai wuri mai faɗin faifai, fari-fari mai ɗan ja-ja, a bushe, gefensa ya ɗan tasa.

Ba ta rarumi zane ba. Ta ajiye karan, ta ce, "Rufe ƙohwa."

Na rufe. Na durƙusa a bayanta na ce ta kawo in shafa mata inda ba ta kaiwa. Ta miƙo mini gashin kazar ta saman kafaɗa. Na ajiye shi, na kwance audugar, na taɓa tsakiyar wurin. Na ja ta daga wannan gefe zuwa wancan. Na sake, har sau uku. Sannan na danna da ɗan yatsana.

Gwaggo ta ce, "To mi kike jira? Ki hwara mana."

Ban san na fara kuka ba sai da ta juyo. Ta ga audugar a hannuna, ta daɗe tana kallonta.

"Asibiti anka koya miki wanga?"

Na ɗaga kai.

"To sun hwaɗa miki abin da ni sani tun da daɗewa."

Ta ce tun mijinta yana da rai ta ga tabo na farko, ɗan ƙarami a kafaɗa, ta ɗauka ƙyasbi ne. Shi kansa ya rasu bai sani ba. Da tabon ya ƙi tafiya ya fara 'ya'ya, ta gane. Tana yarinya, in ji ta, akwai wani mutum a garinsu da aka yi wa bukka a bayan gari, ana ajiye masa tuwo a kan dutse a juyo, kuma har yau tana tuna muryarsa yana kiran sunayen 'ya'yansa daga nesa. Na ce wannan zamanin ya wuce, yanzu akwai magani. Ta ce maganin zai hana bakin mutane? Wace uwa za ta sake miƙa mata hannun ɗiyarta?

Ta kama wuyan hannuna, na dama, mai tabon. Riƙon ba ƙarfi, yatsu biyu ma ba su lanƙwasu ba.

"Ni niy yaye ki. In kinka hwaɗa ma wani, ko mijinki na, ban yahe miki ba, duniya da lahira."

Na shafa mata bayan. Ita ma ta shafa mini tabona. Muka ci abinci a kwano ɗaya kamar kullum, ina kai loma ina jin kunyar abin da ke raina.

Wata ɗaya da rabi na riƙe maganar. Duk kwana goma ina zuwa, in rufa mata asiri ta rufa mini. Ina zaune zan ga an kawo yara mata ƙunshi, ta riƙe hannuwansu a cinyarta, tana sunkuye tana numfashi a kansu. In na koma gida sai in kasa cin tuwo. Maigida ya tambaye ni ko wani abu aka sake faɗa a gari, na ce a'a. Na yi ta sallah ina roƙon Allah ya nuna mini wanda ya fi nauyi, bakinta ko shiruna.

Ƙafarta ce ta raba gardamar. Wani zuwa da na yi, ina shiga ɗakin na ji wari, kuma ba na lalle ba ne. Na ce ta miƙo ƙafa, ta ƙi, na kama da ƙarfi. A tafin ƙafar hagu, ƙarƙashin baƙin lallen, akwai rami da babban yatsana zai shiga, yana ruwa. Ƙusa ce ko ƙaya, ba ta san ranar da ta taka ba.

Na ce, "Gwaggo, wagga ƙahwa yanke ta za a yi in munka bari. Ki tsine min in kina so, amma yau da ke za ni. Boɗinga ba wanda ya san ki. Mu ce ciwon ƙahwa munka kawo."

Sannan ta ce in miƙo mata gyalenta.

Malamar asibiti ta wanke ƙafar ba ta ko yamutsa fuska ba. Ta dubi girar, ta dubi yatsun, ta dube ni, na sunkuyar da kai. Ta ce, "Inna, ko za ki bari in ga bayanki?" Ta ja labule da kanta. Daga baya ta haɗa mu da ma'aikacin da ke kula da masu wannan ciwo, ya yi nasa gwajin, ya ce shi ne, kuma ya daɗe. Ya ba da magani na wata-wata, ya ce shekara za ta yi tana sha, kuma da ta fara ba za ta sake sa wa kowa ba. Abin da ya mutu a hannu da ƙafa ba lallai ya dawo ba, amma ɓarnar za ta tsaya. Ni ma aka duba ni daga sama har ƙasa, ba a ga komai ba. Ya ce yawancin mutane jikinsu ba ya kama shi ko sun zauna da mai shi, sai dai ciwo ne mai jinkiri, yakan yi shekaru kafin ya nuna, don haka in riƙa zuwa ana dubawa.

A gidanmu Gwaggo ta zauna. Na gaya wa maigida a gabanta, ya ce a gyara mata ɗakin da ke kallon gabas. Wata uku ba ta yi mini magana ba in ban da amsa gaisuwa. Maganin ya rine mata fata, ta yi duhu mai ja-ja har ta fi ni, wuraren nan ma suka fi ko'ina duhu, aka ce zai washe bayan ta gama. Ƙafar ta cike a hankali. Yatsu biyun suna nan a lanƙwashe. Maganar kuwa ta fita, ban san ta wace kafa ba, kuma keken ya sake yin shiru, wannan karon har da waɗanda ba su guje ni da farko ba. Na daina sa lalle a tabon tunda ba wanda zan ɓoye wa. Cikin shekarar ɗigo-ɗigon baƙi suka fara fitowa a bayan hannun kamar an watsa ridi, na wuya ya rufe rabi. Sauran yana nan har yau.

Da Gwaggo ta cika wata goma tana shan magani, wata safiya ta kira ni da sunan da take kirana ina ƙarama, ta ce in raka ta Shagari. Na zaci kayanta za ta ɗebo. A mota ta gaya mini. Akwai wata mata a bayan gidanta da aurenta ya taɓa mutuwa, ba ta da inda za ta, Gwaggo ta ɗauke ta suka zauna ɗaki ɗaya, gado ɗaya, kusan shekara biyu, har aka mayar da auren. Ma'aikacin ya taɓa tambayarta ko akwai wanda ya daɗe a ɗakinta, ta ce babu.

Na ce in tana so ni in shiga in yi maganar. Ta ce a'a, ita ta yi ƙaryar.

Muka isa da hantsi. Matan da ke sussuka a ƙofar wani gida suka amsa gaisuwarmu ba su ɗago ba. Gwaggo ta ce in jira a zaure, ta shiga tana ɗingishi da takalmin soso da aka ce ta riƙa sawa. Na ji sallamarta, na ji an amsa da murna, na ji an shimfiɗa tabarma. Daga nan ban sake jin komai ba sai kukan tantabaru a saman zauren. Na daɗe a tsaye har ƙafata ta gaji na zauna a dakali.

Matar ce ta fara fitowa, ban taɓa ganinta ba sai ranar. Ba za ta wuce shekara arba'in ba, da goyo a bayanta. Ta gaishe ni a tsanake, ta tambayi mutanen Boɗinga. Hannunta na dama yana cikin mayafi, ta dafe damtsenta na hagu, kuma har muka gama gaisawa ba ta sauke shi ba.

Ta ce, "Wace rana malamin nan ka ganin mutane?"

Na ce Talata.

Ta waiwaya ta dubi cikin gidan, ta rage murya. "In na zo, sai in ce wurinki za ni ɗinki."

Na ce ta zo da atamfar, zan ɗinka.